Turmi, Mazubi ko Mamatsi: Wanne Za Ka Ƙera Don Haɗa Wayar Babur?

Wayar kuloci ta Boxer ko Jincheng ba abin da mutum zai zauna yana ƙerawa ba ce. Duk shagon kayan babur da ka tsaya za ka same ta a rataye, kuɗinta bai kai wahalar hura gawayi ba. Matsalar tana ga wanda kasuwa ba ta san da zamansa ba: mai tsohuwar Honda CD175 da ya ƙi rabuwa da ita, mai Vespa, wanda ya sauya kan babur ya sa dogo sai wayar asali ta gaza, mai babban babur da aka shigo da shi daga waje, da kuma masu walda da ke haɗa keken guragu mai inji, inda birki da totur da giya duk sai an dawo da su hannu ta hanyar da babu kamfanin da ya auna. Waɗannan dole su haɗa tasu wayar, kuma yanke ta da zura ta a riga, wato bututun da take gudu a ciki, ba wani abu ba ne. Kan waya shi ne aikin, wato wannan ɗan dunƙulen da ke shiga ramin liba ko ya maƙale a kafireto.

Irin wannan waya mai gudu a cikin riga tsohuwar dabara ce. Ernest Monnington Bowden ya yi mata rajista a Ingila a 1896, tun ana amfani da ita a birkin keke. Tun daga lokacin jikinta bai cika ba da matsala ba. Waya mai kaurin milimita 2 tana ɗaukar nauyin da ya haura kilo 200 kafin ta tsinke. Inda take cin amana shi ne wuyanta: ko kai ya zare ya bar ta tsirara, ko zaruruwanta su riƙa karyewa ɗaya bayan ɗaya dab da gindin kan. Ka auna libarka ka gani. Idan nisan yatsunka daga ƙusar da liba ke juyawa a kai ya ninka nisan kan waya sau biyar, to matsar kilo 20 da hannu ta zama kilo 100 a kan abin da bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba. Da wannan lissafin ya kamata a auna kowane kayan aiki.

Kayan aikin sa kan waya iri uku ne. Na farko, wanda kuma shi nake ba da shawara, ni turmi da taɓarya nake kiransa, don haka yake aiki. Ka samu sandunan ƙarfe biyu masu kusurwa huɗu, tsawon kowanne kamar milimita 70, kauri 12, faɗi 25. Ka goge fuskokin da za su haɗu da magagari har sai ka ɗaga su sama ba ka ga haske ya ratsa tsakani ba. Ka sa yankin kwalin ashana a tsakaninsu, ka matse su a mamatsin benci, wannan mai baki biyu da ake murɗa hannunsa ya riƙe ƙarfe. Da farko ka huda ramuka biyu ta gefe waɗanda za su ratsa sandunan duka, ka zura ƙusoshi masu cika ramin, domin duk lokacin da aka raba su aka mayar su koma daidai inda suke. Sannan ka huda ta sama, a kan layin haɗin, ramuka uku: milimita 1.5, da 2, da 2.5. Amfanin kwalin nan sai an cire shi yake bayyana. Kowane rami zai ɗan gaza kaurin wayarsa, saboda haka idan aka matse sandunan sai su cije ta gam ba tare da sun murƙushe ta ba. A bakin kowane rami ka faɗaɗa da tsinken huda na milimita 4 ko 5, zurfin kamar milimita 6. Turmin ke nan. Taɓaryar kuwa tsohuwar ƙusa ce mai ƙwari da ta cika turmin ba tare da ta maƙale ba, a daidaita bakinta, a ɗan ƙwaƙule tsakiyarsa da bakin tsinke ya yi lotsi.

Yadda ake aiki da shi: a fara zura kan tagulla a jikin waya, don idan aka manta sai an sake yanka. A sa wayar a raminta, bakinta ya ɗago daga gindin turmi kamar ninki uku na kaurinta, a matse, a sa taɓarya, a riƙa bugu da ƙaramar guduma a hankali. Lotsin taɓarya yana tattare bakunan zaruruwan wuri guda, bugun kuma yana tilasta tsakiyarsu ta kumbura waje. Idan ka buɗe za ka tarar da ɗan ƙwallo mai fili a ciki, kowane zare ya lanƙwasa ya dawo. Sai a jawo kan tagulla, wanda tuni an faɗaɗa bayan raminsa, ƙwallon ya zauna a ciki, a shafa maganin kamu, wato abin da ke cin datti ya sa dalma ta kama ƙarfe, a tsoma a narkakkiyar dalmar liƙi.

Abin da ya sa na fifita shi ke nan. Dalma ba ta da ƙarfin riƙe waya santala. Wanda ya zura waya a rami ya ɗiga mata dalma ya liƙa ne kawai, kuma ranar da aka matsa da gaske za ta zare. Amma idan an buɗe zaruruwan, dalma ta cika filin da ke tsakaninsu ta daskare, bakin wayar ya zama dunƙule da ya fi ramin girma. Kafin ya fita sai dai tagulla ta tsage. Aikin dalma a nan hana ƙwallon komawa ne, nauyin yana kan ƙarfe da tagulla. Kamfanin Venhill na Ingila, wanda sana'arsa ke nan, yana sayar da irin wannan kayan aiki ga masu haɗa tasu wayar, kuma babu wani sirri a cikinsa da mai walda na unguwa ba zai iya yi da rana ɗaya ba.

Wani zai ce ai da bakin ƙusa ma ana barbaza zaruruwan. Ana yi, kuma ya fi babu. Sai dai barbazawar hannu ba ta fitowa iri ɗaya sau biyu: yau ta buɗe sosai, gobe rabi ya buɗe rabi ya kwanta gefe, kuma zaruruwan da suka miƙe tsaye ba su lanƙwasa sun dawo ba sun fi saurin sulɓewa. Turmi yana ba ka abu ɗaya kullum, ko kai ka yi ko yaron shago.

Wahalar wannan hanya biyu ce, kuma gara a faɗe su. Ta farko, sai ka samu kan tagulla. Na liba yawanci mai siffar ganga ne mai kaurin milimita 8, na hannun totur kamar 6, na cikin kafireto kuwa kamar 3, amma ka auna tsohon naka kafin ka yanka komai. Sandar tagulla ita ce asali. In babu, ƙafafun filogin na'urar sanyaya ɗaki mai amfiya 15, masu zagayen nan, suna da kaurin milimita 7, babbar ta sama kuma ta kusa 9, ana iya goge ta ta dawo 8. Ka dai kankare ka tabbatar tagulla ce har ciki, don akwai na banza da aka shafa wa launi. Notin sifok na keke ma tagulla ne galibi, yana yin ƙaramin kai. Ta biyu, sai ka tanadi tukunyar dalma. Wannan ba ta da wuya: murfin bututun ƙarfe ko guntun bututu mai kauri da aka toshe gindinsa da walda, a sa masa dogon hannu, a ɗora a gawayi ko risho. Kada a yi ta da gwangwanin da aka haɗa da dalma, kada kuma a yi da wanda zai kife.

Me ya sa tukunya, ba wutar gas kai tsaye ba? Saboda zafi ne maƙiyin waya. Dalmar liƙi da ke da kashi 60 na kuza da 40 na zallar dalma tana fara narkewa a digiri 183 na Selsiyos, ta gama kafin 190. A wannan zafin ƙarfen waya bai san an yi ba. Harshen wuta kuwa cikin daƙiƙa kaɗan yake mayar da siririn zare shuɗi, daga nan ja, kuma zaren da ya yi ja ya rasa taurin da aka ba shi a masana'anta har abada. Shi ya sa liƙin azurfa da na tagulla, waɗanda ke bukatar sama da digiri 600, ba su da wuri a wannan aiki duk da cewa su ne masu ƙarfi a wani wajen. A tukunya zafi ɗaya ne ko'ina, ka tsoma kan har ya nutse, ka jira kumfa ta daina fita, ka ɗago. Iyakar tsomawa gindin kai. Idan dalma ta hau jikin waya ta wuce nan, wajen zai sandare, duk lanƙwasar da liba ke yi ta taru a inda dalma ta tsaya, kuma nan za ta karye.

Maganin kamu ma ba kowanne ba. Ƙaron da ke cikin dalmar masu gyaran rediyo an yi shi ne don jan ƙarfen wayar lantarki, ba ya cin dattin ƙarfe sosai. Wanda masu gyaran lagireto ke amfani da shi, mai asid, shi ne ke kama wayar da aka shafe da tutiya. Waya mara tsatsa kuwa, mai ƙyallin nan, tana da taurin kai, sai da nata maganin na musamman. Idan ba ka da shi, sayi mai tutiya ka huta. Kuma duk maganin da ke da asid ba ya daina ci don an gama aiki. A jiƙa kan a ruwan kanwa, a ɗauraye da ruwan zafi mai tsabta, a busar sarai, a ɗiga mai. Wanda ya tsallake wannan zai ga wayarsa ta yi tsatsa a wuya tun damina ba ta yi nisa ba.

Na biyu shi ne mazubi, kuma na san shi ya fi jan hankalin mutane, domin ba ya bukatar tagulla ko kaɗan. Faranti biyu na alminiyam masu kauri, a haɗa su, a huda ramin milimita 8 a kan layin haɗin, a yi siririyar hanya ta gefe inda waya za ta shigo. A buɗe bakin waya, a shafa magani, a sa shi tsakiyar ramin, a zuba narkakkiyar dalma. Dalma ba ta kama alminiyam, saboda haka da ta huce a raba farantin kai ya faɗo. Har da katako mai tauri ana yi, sau ɗaya ko biyu kafin ya ƙone. Cikin minti goma ka ga kai mai kyan gani, kamar na kanti.

Kyan ganin nan ne abin tsoro. Kan da ke jikin wayar kanti ba dalma ba ne, haɗin tutiya ne da inji ya tura cikin mazubi da ƙarfi, shi ya sa yake da tauri kuma babu rami a cikinsa. Dalmar liƙi kuwa farce ma yana yi mata zane. Ƙarfinta bai kai rubu'in na tagulla ba, kuma tana da wani hali: idan nauyi ya daɗe a kanta sai ta riƙa miƙewa a hankali ko da ba ta karye ba. A ramin liba, inda kai ke juyawa duk matsa ɗaya, sai ta goge ta zama ƙwai, daga nan ta daina juyawa, wuyan waya ya karɓi lanƙwasar. A cok, ko wayar buɗe kujera, ko ƙaramin kan kafireto da sifirin kawai yake ja, wannan ba komai ba ne, kuma a nan mazubi yana da amfani ƙwarai, musamman da yake huda ramin waya a tagulla mai kaurin milimita 3 aiki ne mai karya tsinke. A kuloci zai kai ka wani lokaci. A birkin gaba ban yarda da shi ba sam. Boxer da CG125 masu birkin ganga dukkansu da waya suke kama gaba, kuma ranar da yaro ya ɓullo a guje daga lungu ita ce ranar da za ka matsa fiye da yadda ka taɓa matsawa.

Akwai masu cewa to a zuba tutiyar mana, ga tsofaffin kafireto nan birjik, da yawansu da ita aka yi su. Haɗin yana narkewa wajen digiri 385, gawayi yana kai wa nan. Amma rami ne ƙarami, kuma ƙarfen da aka zuba da hannu yana daskarewa kafin ya ratsa tsakanin zaruruwa, sai a samu kai lafiyayye a waje, kogo a ciki, ba kuma yadda za ka gani sai ka fasa. Dole mazubin ya zama na ƙarfe, a gasa shi tukuna, wanda ke nufin wayar za ta daɗe a zafin da ya ninka na dalma. Idan wuta ta yi yawa tutiya tana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Masu zubin tukwane da suka saba da narkakken ƙarfe za su iya gwadawa su ƙware. Bakaniken da yake so ya haɗa waya biyu a wata, wahalar ta fi ribar.

Abin da nake roƙo a bari gaba ɗaya shi ne fasa tsohon batir don a samu abin zubi. Zallar dalma sai ta kai digiri 327 take narkewa, ba ta kama ƙarfe kamar mai kuza, ta kuma fi laushi, wato ta kowace fuska ta fi muni. Ga ƙurarta. Ba mu manta da Zamfara ba, inda a 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. Shagunanmu da yawa a zaure suke ko a ƙofar gida, inda yara ke rarrafe. Ko dalmar liƙi ta kanti ce, a narka ta a fili, a tattara garin da magagari ya zubar kada a bar shi a ƙasa, a wanke hannu da sabulu kafin a ci goro ko abinci. A sa tabarau, a kuma tabbatar babu ɗigon ruwa a jikin abin da za a tsoma, don ruwa a narkakkiyar dalma tartsatsi yake yi har fuska.

Na uku mamatsi ne: ƙarfe biyu masu tauri da aka huda ramin da ya ɗan gaza kan, a sa kai da waya a tsakani a maka guduma, ko a gyara bakin tsohon almakashin yanka rodi ya zama mai matsewa. Ba wuta, ba asid, ba hayaƙi. Dabarar kanta ingantacciya ce, har wayoyin sarrafa ƙananan jiragen sama da matsi ake sa musu kai. Sai dai su suna da kan da aka ƙera daidai da wayar, da inji mai matsi sananne, da ma'aunin da ake zura kan a ciki bayan an gama don a ga ko ya matsu yadda ya kamata. Kai da guduma ba ka da ko ɗaya. In bugun ya gaza ta zare, in ya yi yawa ka yanke zaruruwa a ciki ba ka sani ba. Kuma kan liba mai siffar ganga ne da waya ke shiga ta cikinsa a gicciye, tsawon da zai riƙe bai wuce milimita 8 ba, ga shi matsi yana ɓata zagayensa. Inda mamatsi ke da rana shi ne hular bakin riga. Nan ɗan cizo kaɗan ake so don kada hular ta faɗi, kuma ƙarin ramuka biyu a gefen sandunan turminka sun isa, ba sai ka ƙera wani abu dabam ba.

Saura kai mai sukuru, wanda ba ya bukatar kayan aiki sai sifana da filaya. Kowane mai tafiya mai nisa ya ajiye biyu a akwatin kayan gyara tare da doguwar waya, don zai fitar da shi daga daji. Masu Vespa za su ce ai nasu wayoyin giya da kuloci da shi suka zo ta wajen inji, kuma gaskiya ne, amma can an tsara wurin dominsa, da filin da zai zauna da girman da zai riƙe. A cusa shi a libar da ba a yi don shi ba, sai ya tokare ya ƙi juyawa, bakin sukurun kuma yana murƙushe zaruruwan da ya taka. Na kai-ni-gida ne, a sauya shi da an isa.

Idan kuɗi da lokaci na abu ɗaya gare ka, ƙera turmi da taɓarya da tukunyarsu. Shi kaɗai ne a cikin ukun zai yi maka kuloci da birki da totur duka. In ka ga kana yawan samun aikin cok da ƙananan kawunan kafireto, ƙara mazubin alminiyam daga baya, kuma ko a nan ka fara buɗe bakin wayar a turmi kafin ka zuba. Ga birkin gaba na babur da ake samun wayarsa mai kyau a kasuwa, sayo ta. Haɗawa ta wanda ba shi da zaɓi ce, shi ma sai bayan ya gwada hannunsa a kan kuloci ya ga ya zauna.

Kowanne ka zaɓa, awo ne ke ɓata yawancin wayoyin farko. Abin da ake aunawa ba tsawon waya ba ne, rararta ce, wato abin da ya rage a waje idan ka tura riga ta tokare da kai ɗaya. Ka gama kai ɗaya, ka ɗaura wayar a babur ta hanyar da za ta bi, ka murɗa notin daidaitawa ya shige kusan duka domin sabuwar waya miƙewa take yi, sannan ka yi alama inda kai na biyu zai zauna, ka ƙara abin da turmi zai ci. A naɗe wurin yanka da salatif a yanke da siririn faifan giranda, ko da kurfi mai kaifi a kan maƙera bugu ɗaya. Filaya tauna waya take yi. Bayan tsomawa a goge dalmar da ta yi tudu har kan ya riƙa juyawa a ramin liba da ɗan yatsa, a sa masa giris. Littattafan Honda suna ba da wasan milimita 10 zuwa 20 a bakin libar kuloci, da 2 zuwa 6 a hannun totur.

Kafin babur ya bar shago, ka kama libar da hannu biyu ka matse iya ƙarfinka sau da yawa, ka sake duba wasan. Idan ya ƙaru a fili, wayar tana zarewa a cikin kai, a yanke a sake. Sannan ka tayar da inji ka bar shi a silo, ka juya kan babur dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe. In ƙarar inji ta tashi ko kaɗan, rigar totur ta gaza ko ta maƙale a hanya, kuma ba a hawa sai an gyara.